Ɗage jinin al'ada da ƙwaya: yadda ake lissafin kwanaki, da ta inda ciki ke shigowa

Ana saura sati biyu ɗaurin auren ɗiyar yayata a nan Tawa, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta kwance bakin zane ta fito da wani ɗan kati na ƙwayoyi farare guda goma, babu kwali, babu takarda, rabin sunan ya goge. Wata ƙawarta ce ta sayo mata wajen mai tallar magani a tire. Ta ce, "Inna, an ce in na sha wannan jini ba zai zo ranar ba. Kuma wai ko ciki ba na ɗauka sai na bari."

Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin na sha jin ta daga bakin amare, da masu shirin Makka, da matan da mazansu ke dawowa daga ci-rani a Abijan ko Libiya na kwana goma kacal. Ƙwayar nan jini take riƙewa. Ba a yi ta don hana ciki ba, kuma bayan an bar ta takan gusar da ranar fitar ƙwai daga inda mace ta saba samunta.

Me ke kawo jinin tun farko

Sai an fahimci wannan sauran lissafin zai zauna. Ranar da jini ya fara zuba ita ce rana ta 1 ta zagaye. Daga nan mahaifa ta shiga yin sabuwar shimfiɗa a cikinta, ƙwai kuma yana nuna a ma'ajiyarsa. Idan ƙwan ya fito, jiki ya fara zuba wani sinadari mai suna furojestaron, wanda aikinsa riƙe shimfiɗar nan ko da ciki zai shiga. In bai shiga ba, bayan kamar sati biyu sinadarin ya sauka, shimfiɗar ta saki, ita ce jinin da muke gani.

Ƙwayar ɗage al'ada ƴar'uwar furojestaron ce da aka haɗa a masana'anta. Tana hana jiki jin cewa sinadarin ya sauka, sai shimfiɗar ta ci gaba da zama. Ranar da aka daina sha, ta saki. Wadda aka fi sani ita ce norethisterone mai miligiram 5, a kwali sau da yawa za ki ga an rubuta Primolut N.

Mataki na farko: ki san naki zagayen, ba na ƙawarki ba

Ɗauki takarda ki rubuta ranar da jini ya fara miki a watanni uku na baya, in da hali shida. Ƙirga daga ranar farawa zuwa jajibirin farawa ta gaba. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace. Kwana 28 da ake ta faɗa tsaka-tsaki ne kawai, mata da yawa ba a kansa suke ba.

Ƙwai yana fita ne kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Ki lura da kyau: baya ake ƙirgowa daga jinin da ake jira. Mai zagayen 28 nata yana wajen rana ta 14, mai 35 wajen rana ta 21, mai 24 kuwa tun rana ta 10, jini bai daɗe da ɗaukewa ba. Ƙwan kansa bai wuce awa 12 zuwa 24 da rai, amma maniyyi yana iya zama cikin jikin mace har kwana 5 yana jira. Shi ya sa kwanakin ɗaukar ciki suke kamar shida: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar kanta. Wasu matan suna gane lokacin da ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, ko ɗan ciwo a gefe ɗaya na mara.

Idan kin duba takardar kin ga wannan wata 26, wancan 34, na gabansa 40, to ki sani tun yanzu ba za ki iya cewa ga ranar da jini zai zo ba, ballantana ki ƙirgo kwana uku kafinta. Ke ce kika fi kowa buƙatar zama da likita.

Mataki na biyu: ki tabbatar babu ciki kafin ƙwayar farko

Wannan ake tsallakewa, kuma shi ya fi kawo rikici. Ana fara shan ƙwayar ne a ƙarshen zagaye, wato bayan ƙwai ya riga ya fita da kwana goma ko fiye. In kun kwanta da maigida a kwanakin nan shida ba tare da kariya ba, mai yiwuwa cikin ya riga ya shiga kafin ki haɗiye ko ɗaya. Ƙwayar ba za ta fitar da shi ba. Abin da za ta yi shi ne ɓoye miki alamar farko, domin rashin ganin jini za ki ɗora shi a kan magani.

Abin gwajin fitsari da ake sayarwa a farmasi yana faɗin gaskiya ne daga ranar da jini ya kamata ya zo, ko bayan kwana 21 da kwanciya ta ƙarshe marar kariya. Kwana uku kafin jini yana iya nuna babu alhali akwai. Saboda haka matar aure da ta san za ta ɗage al'ada a wata mai zuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ta kiyaye tun farkon zagayen: ko hular Foula, wato kwaroron roba, ko a yi haƙuri a tsakiyar wata.

Mataki na uku: a auna ki, a tambaye ki

Ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko matarnite, ki nemi ungozomar asibiti ko lokotoro. Wadda ke Yamai tana da Matarnite Issaka Gazobi da cibiyar kula da lafiyar haihuwa ta ƙasa. Ki faɗi maganarki kai tsaye, babu abin kunya, tambaya ce da suke ji duk shekara in aikin Hajji ya ƙarato. A auna miki tansiyo da nauyi.

Dalilin wannan duka guda ne. Norethisterone a wannan yawan, wani sashensa yakan juye cikin jiki ya koma isturojin, wani sinadarin jikin mata, kuma wannan na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ga mace matashiya mai lafiya haɗarin kaɗan ne. Amma ki gaya wa likita, ko da bai tambaya ba, idan jini ya taɓa daskare miki a ƙafa ko huhu, ko ya taɓa faruwa ga uwa, uba ko ɗan'uwa na jini tun yana da ƙuruciya. Idan kina da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga da ya daɗe, ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Idan kina da ciwon hanta ko kin yi shawara lokacin da kike da ciki. Idan an taɓa samun ciwon dajin nono. Idan kina da ciwon ɓarin kai irin wanda ido ke ganin walƙiya kafin ya taso. Idan kina shan taba ko shisha, musamman in kin wuce 35. Idan jikinki na da ƙiba sosai. Idan ba ki daɗe da haihuwa ko yin aiki ba. Idan kina da amosanin jini. Haka kuma jinin da ke zuwa miki tsakanin al'ada ba a san dalilinsa ba, sai an bincika shi tukuna, ba a danne shi da ƙwaya.

Ki kuma ɗauko duk maganin da kike sha ki nuna. Rifampicine na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su carbamazépine da phénobarbital, da wasu na masu ɗauke da cutar sida, suna sa hanta ta ƙone ƙwayar da wuri, sai jini ya ɓalle ana tsakiyar sha.

Wadda norethisterone bai dace da ita ba, wani lokaci likita yakan rubuta mata medroxyprogesterone, wanda ba ya juyewa isturojin. Wannan hukuncin nasa ne. Shi ma ba maganin hana ciki ba ne a irin wannan shan.

Kuma a saya a farmasi, cikin kwalinsa, a duba ranar lalacewa. Katin da ɗiyar yayata ta nuna mini Allah kaɗai ya san ranakun Afrilu nawa ya yi a kan tire cikin zafin da ya haura digiri 40. Na karɓe shi na jefa a masai.

Mataki na huɗu: shan kansa

Yadda aka saba rubutawa shi ne ƙwaya ɗaya mai miligiram 5, sau uku a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake jiran jini. In an bari sai an ga ɗigo sannan aka fara, shimfiɗar ta riga ta soma saki, da wuya ta tsaya. Takardar maganin tana iyakance shi ga kwana 10 zuwa 14. Likita na iya ƙara ƴan kwanaki, amma ba magani ne na wata guda cur ba.

A raba shi awa takwas-takwas gwargwadon hali. Abin da na ga ya fi zama a kan mutane shi ne a ɗaura shi da salla: ɗaya da ƙarfe 6 bayan asuba, ɗaya da ƙarfe 2 lokacin azahar, ɗaya da ƙarfe 10 kafin kwanciya. Amarya ta sa ƙararrawa a waya, domin ranar lalle da ranar kai ta ɗaki ko sunanta ba ta tunawa. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin ta gaba ya yi, to kar a haɗa biyu. Mantuwa ce ta fi kawo ɗigon jini.

Za ki iya jin nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, tashin zuciya, ɗan ciwon kai, ƙuraje, ko saurin fushi. Waɗannan suna wucewa. Waɗanda ba a jira da su kuwa: sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji, numfashi ya yi wuya ba gaira ba dalili, tari da jini, ciwon kai mai tsanani da ba ki saba ba, gani ya dushe, hannu ko baki ya karkace, ido ya yi rawaya. Ko ɗaya daga ciki, a daina sha a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kuma a faɗa musu sunan ƙwayar.

Bayan an daina, jini yakan zo cikin kwana 2 zuwa 3. Yana iya fin na kullum yawa ko ciwo, tunda shimfiɗar ta daɗe.

Inda lissafi ke karkacewa

Bari mu yi shi da ranaku, a wata mai kwana 30. Mace ce mai zagayen 28 daidai, jini ya fara mata ran 1. Tana jiran na gaba ran 29, ga biki ran 30. Ta fara sha ran 26, ta yi kwana goma, ta tsaya ran 5 ga sabon wata. Jini ya zo ran 8.

Da ba ta sha komai ba, ƙwanta na gaba zai fita ne wajen ran 12 ga sabon watan, jini kuma ran 27. A tsohon lissafin da ke kanta, ko a manhajar wayarta in ba ta gyara ba, daga ran 16 zuwa sama kwanaki ne na sakin jiki. Amma yanzu ran 8 ce rana ta 1. Ƙwai zai fita wajen ran 21, kwanakin ɗauka sun koma daga 16 zuwa 21 ko 22. Wato daidai kwanakin da take ganin babu komai, su ne na ɗaukar ciki. Kuma ko ran 21 ɗin ma ba a rantse a kanta, domin zagaye na farko bayan ƙwaya yana iya zuwa da wuri ko ya makara.

To kwanakin da ake kan shan fa? Ga wadda zagayenta ke tafiya kamar agogo, ƙwai ya riga ya wuce, damar ciki kaɗan ce a satin nan. Gaskiya kuma ita ce miligiram 15 a rana yana iya danne fitar ƙwai a jikin wasu. Sai dai ba a dogara da shi, saboda an fara shi a makare cikin zagaye. Ɗauki wadda ta ɗauka nata 28 ne, amma a wannan watan hidimar biki, rashin barci da tafiya suka tura ƙwanta zuwa rana ta 25 ko 26. Ita tana fara ƙwaya, ƙwan yana fita, ga ango. Ƙwayar kuma tana kaurara ruwan gaba, don haka alamar yauƙin nan da wasu ke dubawa ba ta da amfani a lokacin.

In ciki ake so, kamar yawancin amare, babu damuwa: kwana goma na norethisterone ba ya kashe mahaifa, haihuwa tana dawowa a zagaye na gaba. In kuwa ba a so yanzu, to a yi amfani da hula tun daga ƙwayar farko har sai an ga jini biyu sun zo a kan lokacinsu, ko a hau hanyar tazara ta gaske.

Mai shayarwa ta ƙara kula. Ƙwai yana iya riga jinin farko fita, shi ya sa ake yin rurrutsa ba a ga wanki ko sau ɗaya ba. Nono yana tsare mace ne in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ɗaya ta faɗi, tsaron ya faɗi.

Idan dama kina kan ƙwayar tazara

Ke taki ta fi sauƙi, kuma ke kaɗai ce za ki ɗage jini kina cikin kariya. In irin mai sinadari biyu kike sha, kamar Microgynon, idan kin gama ƙwayoyi 21 sai ki buɗe sabon kati washegari ba tare da hutun kwana 7 ba. In katinki mai 28 ne, bakwai na ƙarshe masu launin ƙasa ba su da sinadarin, ƙarin jini ne kawai. Ki tsallake su ki shiga sabon kati. Babu wani datti da ke taruwa a ciki, kamar yadda tsofaffi ke tsoratarwa, domin ƙwayar tana hana shimfiɗar yin kauri tun farko. Ɗigo na iya zuwa a kati na biyu ko na uku. Abin da ba a yi shi ne hutu ya wuce kwana 7, nan ne ƙwai ke farkawa. In ƙwayoyin katinki kala uku ne a jere, tambayi ungozoma kafin ki haɗa.

Microlut da ake ba masu shayarwa ba ta ɗage jini. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, da ashanar hannu irin Jadelle da Implanon, suna hana ciki sosai, amma a watannin farko jini yakan zo yadda ya ga dama. Kar ki je a yi miki allura ana saura sati biki don jini ya tsaya. Ƙila ki yi bikin duka cikin ɗigo, sannan haihuwa na iya jinkiri watanni, har shekara, bayan allurar ƙarshe.

Hajji da azumi

Mahajjatanmu sukan yi kusan wata guda a Saudiya, ƙwayar kuwa ta sati biyu ce. Don haka ba daga filin jirgin Diori Hamani ake fara ta ba. A duba inda jini zai faɗo. Mai haila tana yin duk ayyukan Hajji, Mina, Arfa, Muzdalifa, jifa, in ban da ɗawafi. Kwanakin da ake tsarewa su ne na ɗawafin umara in an isa, da ɗawafin ifala daga ran 10 ga Zulhajji. In jinin zai zo ya wuce kuna Madina, ba ki buƙatar komai.

Shawarata ita ce a ga likita wata biyu ko uku kafin tashi. Wadda ƙwaya mai sinadari biyu ta dace da ita za ta iya farawa tun lokacin, jiki ya saba, ɗigon farko ya wuce tana gida. Sai dai Hajiyoyinmu da yawa sun haura 40, ga tansiyo, ga jiki, ga zaman mota na fiye da kilomita 500 daga Tawa zuwa Yamai, sannan awowi a jirgi, sannan zafin Makka. Zama wuri ɗaya da ƙarancin ruwa a jiki su ne abokan daskarewar jini. A riƙa tashi ana taka ƙafa, ana juya idon sawu, ana shan ruwa ko da za a yawaita zagawa. Hukuncin ɗigon da ke zuwa ana kan magani kuwa, a tambayi malami tun a gida, kar sai an tsaya ƙofar Harami cikin ruɗani.

Azumi, ni dai ban ga ribar ba. Kwana 30 ya ninka iyakar maganin, sau uku a rana bai shiga tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma addini ya riga ya sauƙaƙa mana da ramuwa. Wadda goman ƙarshe take kwaɗayi, ta kai wa likita maganar ya tsara mata lokutan.

Lemun tsami, tsamiya, ruwan ƙanƙara da sauran abin da ake turawa a WhatsApp ba sa ɗage komai, sai dai su tada gyambon ciki.

In an riga an yi kuskure

An kwanta babu kariya kuma ba a son ciki: akwai ƙwayar gaggawa. Mai levonorgestrel, irin NorLevo ko Postinor, cikin awa 72, kuma gara yau da gobe. EllaOne tana kaiwa awa 120, amma norethisterone na iya rage mata ƙarfi, don haka ki faɗa wa mai farmasi abin da kike sha. Dukansu aikinsu jinkirta ƙwai ne. In ya riga ya fita ba su da abin yi. Wanda ya fi su tabbas shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, in an sa ta cikin kwana 5. Kuma ƙwayar gaggawa ba ta ɗage al'ada ba ce, tana iya ma jawo jinin da wuri.

Kin daina ƙwaya, sati guda ya cika babu jini: yi gwaji da fitsarin farko na safe. In ya nuna babu, ki sake bayan sati, ko ki je a duba ki. Kar ki sake sayen wani katin wai don ya kora jinin. In ya nuna akwai, kar hankalinki ya tashi: ƴan kwanakin da kika sha a farkon ciki ba dalilin fargaba ba ne, abin da ake gudu shi ne ci gaba da sha ciki na girma. Ki je awo da wuri, ki tafi da kwalin a hannu. In kuma akwai ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ɗigon jini baƙi-baƙi, wannan ba na jiran ranar awo ba ne, a ranar ake zuwa a yi hoton ciki don a tabbatar cikin yana cikin mahaifa.

Ɗiyar yayata, da muka zauna da takarda muka ƙirga watanninta huɗu, sai muka tarar nata zagayen 31 ne, jininta ba zai zo ba sai kwana uku bayan an kai ta. Ƙawar ce ta yi mata lissafi da 28. Ba ta sha ko ƙwaya ɗaya ba.